Blue Jays da Super Eagles: an ci ni sau biyu cikin mako biyu, amma ciwon ba iri ɗaya ba ne

Mai Gadin Apapa ya rubuta:

Assalamu alaikum mutanen zaure. Tambaya gare ni, kuma na fi son manyan da suka daɗe suna kallon ƙwallo su amsa mini. Ya taɓa faruwa da waninku a ci ƙungiyarsa amma ya ji ƙaunarta ta ƙaru a ransa, sannan a ci wata ƙungiyar tasa ya ji ko sunanta ba ya son a ambata a gabansa? Abin da Nuwamban nan na 2025 ya zo mini da shi ke nan, har yau kuma zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya.

Ni mutumin Haɗeja ne, ina gadin dare a wani fili da ake ajiye kwantenoni a Apapa. Ƙanena mai bi mini yana karatu a Toronto, can Kanada. Lokacin da yake komawa ɗaki da yamma mu nan dare ya raba, ni kuwa dole idona biyu, shi ya sa kusan kullum muna waya. Shi ya jawo ni cikin besbol, wasan nan na Amurkawa da ake jefo ƙwallo mutum ya doke ta da sanda. Da fari don in ji muryarsa kawai nake biye masa. Sannu a hankali sai ga shi na haddace sunayen 'yan wasan Toronto Blue Jays, har ina sayen data musamman dominsu. Wasanninsu na dare wajen sha biyu ko ɗaya suke farawa a agogonmu, daidai lokacin da motoci suka daina shiga da fita.

Bara, 2024, Blue Jays ce ta ƙarshe a rukuninta. Bana ta zo ta ɗaya, ta fitar da New York Yankees, ta fitar da Seattle a wasa na bakwai bayan George Springer ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga ya kawo maki uku lokaci guda. Ta kai World Series, wato karawar ƙarshe ta ɗaukar kofi, wadda rabonta da ita tun 1993. Los Angeles Dodgers aka haɗa mu da ita, mai riƙe da kofin, ƙungiyar su Shohei Ohtani, gidan kuɗi. Wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke ɗauka. Wasa na uku kaɗai sai da ya ci awa shida da minti 39. Na miƙa aiki ga na safe, na hau mota, gari ya waye tangaran ba a tashi ba, kuma ƙarshenta mu aka ci. Na ɗauka shi ke nan an karya su. Sai yaran nan suka ci biyu a jere a can gidan Dodgers, a ɗaya daga ciki wani ɗan shekara 22, Trey Yesavage, wanda a farkon shekara yake buga wa ƙananan rukunoni, ya fitar da mutum 12 da jifansa. Aka koma Toronto muna neman wasa ɗaya tal cikin biyu.

Aka ci mu na shida. Na bakwai ya kama daren Asabar 1 ga Nuwamba, wayewar Lahadi a wurinmu. Bo Bichette, da ciwon gwiwa a jikinsa, ya doke jifan Ohtani ta wuce katanga, muka yi 3 da 0. Muka shiga zagaye na tara, wanda shi ne na ƙarshe, muna 4 da 3. Aka fitar da mutum ɗaya, saura biyu a ɗaga kofi. Ƙanena ya kira ni ta bidiyo daga cikin taron jama'a, ihu ko'ina, yana cewa, "Yaya, kada ka kashe, so nake ka ga yadda garin nan zai yi." Bai rufe baki ba Miguel Rojas na Dodgers, mutumin da ba a san shi da irin wannan bugu ba, ya tsallakar da ita. 4 da 4. Da juyinmu ya zo muka cika tasoshi ukun da mai bugu yake bi kafin ya zagayo gida ya ci maki da mutane, saura ƙiris, aka fitar da namu a bakin gida da tazarar da ido ba ya iya gani sai an maimaita hoton. Da yake kunnen doki ne aka ci gaba, a zagaye na 11 Will Smith ya ƙara musu ɗaya. Yoshinobu Yamamoto kuwa, wanda ya yi jifa 96 a daren da ya gabata, ya dawo ba hutu ya rufe wasan. 5 da 4. Ana nuna Vladimir Guerrero namu yana share hawaye, lokacin asuba ya kawo jiki, na ajiye waya na je na yi alwala hannuna yana rawa.

Wallahi ban ji haushin kowa ba. Ko Yamamoto da ya hana mu, girmansa na gani. Abin da ya ci mini rai shi ne ba ni da wanda zan gaya wa. Abokin aikina ya ga fuskata ya ce lafiya, na ce an ci mu, ya ce wa ya buga ƙwallo da tsakar dare? A unguwarmu kaf babu wanda ya san an yi wani abu.

Bayan mako biyu, Lahadi 16 ga Nuwamba, Super Eagles da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a Rabat, wasan neman gurbin kofin duniya na 2026. Ranar hutuna ce, na je gidan kallonmu na Ijora, ko wurin tsayuwa da ƙyar. Kwana uku kafin nan mun ci Gabon 4 da 1, kowa ya zo da ƙarfinsa. Minti uku da farawa Onyeka ya ci, benci ya kife da mutane. Suka farke kafin hutun rabin lokaci, Osimhen bai dawo ba bayan hutun, daga nan kuma sai ka ce an zare mana laka. Ƙwallo tana ƙafarsu, mu muna bin ta da ido har aka gama ƙarin lokaci. A fenareti Bassey ya ɗaga tasa sama, aka tare ta Simon, Nwabali ya tare musu biyu ya dawo mana da rai, aka tare ta Ajayi, Mbemba nasu ya zo ya ƙarasa mu. Kofin duniya biyu a jere ba mu. Kuma wannan na ƙasa 48 ne, Afirka tana da gurbi tara kai tsaye. Toronto tana cikin garuruwan da za a buga gasar. Tun bara ƙanena yake ajiye ɗan abin da ya samu ko Allah zai sa ya ga Najeriya da idonsa, ni kuma na sayi koriyar riga a kasuwar Balogun na ba wani mai tafiya ya kai masa.

A wannan daren ba ni kaɗai ba ne, gidan kallo cike muka fito kowa yana huci. Amma maimakon taron ya sauƙaƙa mini, sai abin ya koma haushi da kunya. Ban ji tausayin ɗan wasa ko ɗaya ba, alhali waɗannan su ne nawa, tun ina yaro nake binsu. To me ya sa na yafe wa baƙi nan take, na kasa yafe wa na gida? Kuma wanda ya ce ya haƙura da Super Eagles don ya zauna lafiya da zuciyarsa, ya yi laifi?

Baba Mai Goro, Agege, ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba da haƙuri, ya tsare ka a bakin aikinka, ya ba ƙanenka abin da ya je nema. Besbol ban san shi ba, amma ciwon da kake faɗa na san shi tun ba a haife ka ba.

Ina cikin filin Surulere ranar 22 ga Maris 1980, lokacin ana ce musu Green Eagles. Muka ci Aljeriya 3 da 0, Segun Odegbami biyu, Muda Lawal ɗaya, Shugaba Shehu Shagari yana zaune a wurin, Christian Chukwu ya karɓi kofin. Allah ya sa a bana shi ma ya riga mu gidan gaskiya. An ba yaran gidaje a Festac da mota Fijo. Daren nan daga Surulere har Mushin a ƙafa muka taka, Bahaushe da Bayarabe da Inyamiri ana rungumar juna, ba wanda ya tambayi garin wani.

Shekara ashirin bayan haka na koma wannan filin dai, Fabrairun 2000, mu da Kamaru. Eto'o da Mboma suka zuba mana biyu tun kafin mu gyara zama. Raphael Chukwu ya rage, Okocha ya ɗauko wata daga nesa ya farke, filin ya yi girgizar da har yau ina jin ta a ƙafata. Aka je fenareti. Ikpeba ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta faɗo bayan layi, alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba. Mu da muke ciki ba mu tabbatar ba sai da muka koma gida muka gani a talabijin. Lokacin babu na'urar da za a je a duba. Rigobert Song ya buga tasa, suka ɗauki kofi a gabanmu, a gidanmu. Na yi kwanaki ina zaune a rumfa, mai saye ya zo ya taya huhun goro in rasa me zan ce masa. Har rantsuwa na so in yi cewa na bar kallo, mahaifiyar yarana ta ce kada in ɗora wa kaina kaffara. Da gaskiyarta, don a 2013 da Sunday Mba ya ci Burkina Faso, ni ne na fi kowa ihu a layinmu.

Amsar tambayarka ta fari, a ganina, ita ce ba ka bin Toronto bashin komai. Idan ɗan maƙwabci ya faɗi jarrabawa da maki ɗaya, cewa za ka yi ai ya yi ƙoƙari. Idan ɗan cikinka ne, sai ka tuna kuɗin makaranta da duk ranar da ka ce ya yi karatu ya ƙi. Ka tambayi ƙanenka yadda dattawan garin suke ji, waɗanda suka ga kofin 1992 da 1993 suka zauna jira shekara 32. Ina tabbatar maka akwai wanda a cikinsu yake jin irin abin da ka ji a Ijora.

Sai dai akwai inda ban yarda da kai ba. Ka ɗora wa yaran da suka buga a Rabat kayan da ba nasu su kaɗai ba. Ba a Rabat muka rasa gurbin nan ba. Mun rasa shi ranar da Lesotho ta zo Uyo ta riƙe mu 1 da 1. Wasa huɗu na farko maki uku muka haɗa: canjaras da Lesotho, da Zimbabuwe, da Afirka ta Kudu, sannan Benin ta ci mu 2 da 1. Koci uku suka ja ragamar wasannin share fagen nan, Peseiro, Finidi, sannan Chelle. Chelle da ya zo ƙarshe ba a ci shi ba a wasa shidan da suka rage na rukuni, har da 4 da 0 da aka yi wa Benin. Sannan ana saura kwana biyu a kara da Gabon, yara suka ƙi fita atisaye saboda haƙƙoƙinsu da ba a biya ba. Gidan da ake haka, ka zo ka ce Bassey ne ya kayar da shi don ya ɗaga fenareti sama? Ka ji haushi, haƙƙinka ne, amma ka kai shi inda ya dace.

Batun barin su kuwa, ba laifi ba ne a addini ko a al'ada. Iyawar ce ban ga alama ba ga mutumin da ya sayi riga ya aika har Kanada.

Ɗan Mile 12 ya rubuta:

Yaya Mai Gadi, sannu da haƙuri. Ni abin da ya ɗaure mini kai wasan awa shida da rabi. Ba su da agogo ne? Don Allah ka ɗan warware mana yadda ake cin maki, na sha gani a waya ina wucewa, mutane a tsaye kawai nake gani.

Mai Gadin Apapa ya rubuta:

Ƙanena, ba su da agogon tashi, kuma wannan shi ne abin da ya fara kama ni. Kowane ɓangare mutum tara ne. Ɗaya yana jifa da tsaron fili, ɗaya yana bugu. Akwai tasha huɗu da aka jera a kusurwa huɗu, ta huɗun ita ce gida, inda mai bugu yake tsayawa. In ka doki ƙwallo sai ka ruga tasha ta farko kafin a jefo ta can. Na bayanka ya buga ka ƙara gaba. Duk wanda ya zagayo ya taka gida, maki ɗaya ke nan. In ka tsallakar da ita bayan katanga, kai da duk wanda yake kan tasha kun shigo gida ba mai tare ku. Ana fitar da mutum in ya kasa dukan jifa mai kyau sau uku, ko aka cafe ƙwallonsa a sama, ko ta riga shi isa tasha. An fitar da uku, sai a yi musanya. Kowa ya yi juyinsa, zagaye ɗaya ya cika, ana yin tara. In an yi kunnen doki a ci gaba har sai wani ya yi nasara. Wancan wasan zagaye 18 aka yi, wasa biyu a cikin ɗaya.

Ka ga ke nan babu kwanciya a ƙasa ana riƙe ƙafa don lokaci ya tafi, babu kai ƙwallo kwana a tsaya a kanta. Ko da maki goma kake gaba, sai ka jefa wa abokin karawarka ƙwallo ya gwada sa'arsa har mutum na ƙarshe. Abin da ya sa nake son wasan ke nan, kuma shi ne ya kashe mu a zagaye na tara.

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta sa na lura da wani abu. A besbol wasa 162 kowace ƙungiya take yi a shekara, kusan kullum. Blue Jays da ta zo ta ɗaya a rukuninta, 94 ta ci, aka ci ta 68. Wato mai binta ya saba a ci shi yau ya rama gobe, zuciya ta horu. Super Eagles kuwa sai a yi wata biyu ko uku ba su haɗu ba, kuma dare ɗaya ya ɗauke maka shekara huɗu. Yanzu sai 2030. Osimhen da Lookman, waɗanda aka ba gwarzon Afirka a 2023 da 2024, ba wanda ya taɓa buga kofin duniya a cikinsu. In na tuna wannan sai haushin ya juye ya zama tausayi, anjima kuma ya dawo.

Sai Masu Gida, Idi-Araba, ya rubuta:

Malam Mai Gadi, ka yi mini afuwa, amma ƙungiyoyin nan naka biyu duk ta gilashi kake ganinsu. Ɗaya a waya, ɗaya a bangon gidan kallo. Ihunka bai taɓa isa kunnen ɗan wasa ba, shi ya sa abin yake taruwa a ƙirji ba ya fita.

Ni Kano Pillars nake bi tun ina ɗan makaranta ana ɗaga mu a shigar da mu filin Sani Abacha ta Ƙofar Mata. Na ga kofin 2008, na ga uku a jere, 2012, 2013, 2014. Na ga lokacin da muka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, Heartland ta gida ta fitar da mu. Kuma ina nan Legas ina aikin keke a 2022 aka ce Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Ƙungiyar da a da baƙo yake shiga Kano yana addu'ar a ci shi kaɗan. Ban san na damu da ita haka ba sai ranar, don fasinja na ɗauko zuwa Ojuelegba na wuce da shi har ya taɓa kafaɗata. Shekara ta zagayo muka dawo. Rabi'u Ali, wanda ya haura arba'in, bai gudu ya bar ta ba. Ahmed Musa, da duk inda ya taka a duniya, ya dawo ya sa rigar. Irin wannan ne yake riƙe mutum.

Amma in kana maganar so da kunya a zuciya ɗaya, ni ne zan ba ka labari. Watan Oktoban nan da Shooting Stars ta je Kano ta farke mana a ƙarshen wasa, wasu daga cikin magoya bayanmu suka afka fili. Aka cire mana maki uku, aka hana mu wasa a gida. Maƙwabcina mutumin Ibadan ne, Shooting yake bi kamar yadda nake bin Pillars, shekara da shekaru muna tsokanar juna muna cin abinci tare. Washegari ni na fara zuwa ƙofarsa na ba shi haƙuri, don hoton da duniya ta gani da sunanmu aka gan shi. Wannan ya fi faɗuwar 2022 yi mini ciwo. Cin wasa da rashinsa na Allah ne, amma dukan baƙo mu muka yi da hannunmu.

Shawarata, duk ranar da Pillars ta zo Onikan wasa da Ikorodu City, ka zo mu je tare. Daga tashar CMS ma a ƙafa za ka isa. Mutanenmu na Idi-Araba da Obalende da Agege suna cika gefe guda da kalangu. Ko an ci mu, za ka koma gida muryarka ta dishe, ka yi barci.

Maman 'Yan Biyu, Obalende, ta rubuta:

Sannunku da hira. Ni tuwo nake sayarwa kusa da wani gidan kallo, ba sai na leƙa ba nake sanin sakamako. Ranar da aka ci, har miya sai an nemi ƙari. Daren Kwango kuwa da sauran tuwo na koma gida, abin da ban saba ba ranar Lahadi.

Maigidana Manchester United yake bi. Kakar 2024/25 ta 15 suka ƙare, Tottenham kuma ta ci su 1 da 0 a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao. Na san yadda gida yake zama in namiji ya shigo da irin wannan fuskar, yara su yi tsit ba su san laifinsu ba. Shi ya sa nake roƙonku, ku masu iyali, ku riƙa sauke abin a bakin ƙofa. Kuma ku ja wa ƙannenku kunne kan cacar nan ta waya. Da yawa daga cikin samarin da nake gani suna kuka bayan wasa, ba ƙasa suke yi wa kuka ba, kuɗin cinikin yini ne ya tafi.

Malam Mai Gadi, abu biyu zan ce maka. Na farko, duk kun ambaci Rabat kamar garin baƙin ciki, ba wanda ya tuna cewa a wannan Rabat ɗin, ranar 26 ga Yulin bana, Super Falcons suka ɗauki kofin Afirka na goma. Maroko mai masauki tana gaba 2 da 0 aka tafi hutu, 'yan matan nan suka dawo suka ci 3 da 2, Jennifer Echegini ta jefa ta ukun ana saura minti biyu. Ni da 'ya'yana mata a wayar babbar muka kalla, don a gidan kallon mutum nawa ne suka zauna? Koriyar rigar da ka aika Kanada ai ita suke sawa. In zuciyarka tana neman inda za ta yi alfahari da Najeriya, ga wuri.

Na biyu, na karanta rubutunka sau biyu, kuma ni ƙanenka na fi gani a ciki fiye da ƙwallo. Yaro yana can cikin sanyi shi kaɗai, wasan nan shi ne abin da kuke haɗuwa a kansa kowane dare. Yanzu an tashi sai ƙarshen Maris. Kada ka bari wayar ta ragu don babu wasa. Shi an ci shi sau biyu kamar kai, kuma ba shi da gidan kallon da zai je ya yi huci da 'yan'uwa.

Mai Gadin Apapa ya rubuta:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya raya 'yan biyu. Jiya da na karanta saƙonki na kira shi, muka daɗe. Ya ce rigar tana nan, zai sa ta ya je kallon duk ƙasar Afirka da aka kawo kusa da shi. Wasan Falcons kuma ya ce in nemo masa, bai gani ba.

Malam na Idi-Araba, na karɓi gayyata, in dai ranar ba ta faɗo kan aikina ba. Ka sanar a nan in an sa rana.

Baba, na yarda da kai cewa ba a Rabat aka fara ɓarnar ba. Amma har yanzu ina ganin bayan fitar Osimhen akwai abin da ya kamata mutum goma sha ɗaya su nuna da ba su nuna ba. Na ga Bichette yana ɗingishi yana zagaya tasoshi, na ga Yamamoto ya fito da hannun da bai huta ba. Irin wannan nake nema a wurin namu, ko da za a ci mu.

Baba Mai Goro, Agege, ya rubuta:

To ɗana, wannan kam ba zan yi maka gardama ba, ni ma rabi na biyun nan bai yi mini daɗi ba. Sai dai ka tuna su ma minti 120 suka yi da Gabon kwana uku kafin nan, ƙafa tana da iyaka. Ga gasar Afirka nan tafe a Maroko, 21 ga Disamban 2025 za a fara, mu kuma 23 ga wata da Tanzaniya a Fez, sannan Tunisiya da Yuganda. A nan za mu ga ko akwai zuciya. Ka nemi canjin aiki tun yanzu. Ka hau jirgin ƙasa daga Oyingbo ka sauka Agege, ka tambayi layin 'yan goro, yarana za su kawo ka gida. Ka zo da wuri a yi magariba tare, kuma ka taho da Ɗan Mile 12 in yana so.